Darasin ayyukan yau da kullum ga 'yan sakandare: me za a koya, kuma ta yaya?

Mataimakiyar Shugaba:

Assalamu alaikum, malamai da iyaye. Shawarar waɗanda suka san aiki nake nema. Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce, maza da mata, kuma an amince a ware mana darasi biyu a jere, minti 80, kowace Alhamis, don koya wa 'yan aji huɗu da aji biyar abubuwan da za su buƙata a gida da kasuwa waɗanda ba sa fitowa a jarrabawa. Abin yana damuna ƙwarai. Yaro zai ci kiredit a Fiziks amma ba zai iya ɗaura filogi ba, yarinya ta haddace sassan jiki amma in ƙanenta ya ƙone sai ta shafa masa man goge baki.

Ga inda muke: aji ɗaya ɗalibai wajen 60 ne, ba mu da ɗakin koyon sana'a, kuɗin da ƙungiyar iyaye da malamai ta yi alkawari kaɗan ne, kuma in an cire makon dawowa da makonnin jarrabawa, mako 10 ne ke saura a zango. Me ya kamata mu zaɓa? Yaya malami zai yi da yara 60 a lokaci guda? Wane kaya za mu fara saya?

Malamin Fasaha:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri bisa wannan tunani. Kafin maganar kaya, a gyara tsari, domin nan ake faɗuwa. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982 an sayo injuna an rarraba wa makarantu, da yawansu suka tsufa a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu mai koyarwa. Darussan sana'o'in da hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, wato NERDC, ta shigar cikin manhajar babbar sakandare a 2011 ma, a makarantu da dama a kan allo suka ƙare. Duk darasin da malami ne kaɗai ya taɓa kayan aiki, yara suna kallo suna kwafa a littafi, ba a koyi komai ba.

Ki raba ajin gida biyar, kowane rukuni mutum 12, su kuma su zauna bibbiyu. Ki kafa tashoshi biyar, ko da a ƙarƙashin bishiya ne da baranda: lantarki, taimakon gaggawa, kuɗi da takardu, kicin, sai allura da zare. Kowane rukuni ya yi mako biyu a tasha ɗaya, makon farko koyo, na biyu maimaitawa da gwaji, sannan ya matsa gaba. Mako 10 ke nan cif. Amfanin wannan shi ne kowace tasha kaya shida kawai take buƙata, ba 60 ba. A minti 80 ɗin nan, nuni kada ya wuce minti 15, a bar minti 10 na ƙarshe don ƙirga kaya, sauran duk hannun yara ne. Kowace tasha tana son babba ɗaya. In malamai ba su isa ba, a nemi mai gyaran wuta ko tela daga cikin iyayen yara, a ba shi ɗan abin mai.

Tashar lantarki: filogi mai ƙafa uku guda shida, waya mai jijiya uku mita shida, sukudireba shida, filaya uku, fis na amfiya 3 da na 13, da mita ɗaya ta gwada haɗuwar waya. Sharaɗi na farko, babu wuta mai rai a wannan tasha ko kaɗan. Mitar ce za ta nuna ko haɗin ya yi.

Yadda ake ɗaurin: a feɗe rigar waje kamar santimita 5 ba tare da an yanki na ciki ba. Idan an buɗe filogi, doguwar ƙafa tana sama, jijiya mai launin ruwan ƙasa tana zuwa dama inda fis yake, ita ce mai wuta. Shuɗi yana zuwa hagu. Kore mai ratsin rawaya yana zuwa sama, shi ne na ƙasa. A nuna musu tsofaffin launuka ma, ja da baƙi da kore, domin suna nan a gidaje da yawa. A feɗe bakin kowace waya kamar milimita 7, a murɗe silin, a ɗaure sukurun tam. Wayar ƙasa ta fi sauran tsawo kaɗan, don in an fizge waya ita ce za ta cire a ƙarshe. Maƙallin da ke bakin filogi kuma rigar waje zai danne, ba ƙananan wayoyin ba.

Kurakurai uku za ki ga suna maimaituwa: sili ɗaya ya fita ya taɓa wata ƙafa, tagulla ta fito tsirara a wajen sukuru, ko sukuru bai ɗauru ba. Na ƙarshen nan shi ne ke narka filogi, saboda sakakken haɗi yana ɗaukar zafi. Sai lissafi: wutarmu bolt 230 ce, a raba wat ɗin na'ura da 230 a sami amfiya. Fanka mai wat 75 fis na 3 ya ishe ta. Dutsen guga mai wat 1,200 yana jan sama da amfiya 5, sai na 13. Soket ɗaya iyakarsa wajen wat 3,000, don haka butar lantarki mai 2,000 da dutsen guga a kan jona ɗaya sun wuce ƙima, balle jonar arha mai siririyar waya. A gaya musu dalilin da ya sa ba a naɗa takardar sigari ko waya a madadin fis, da dalilin da ya sa ba a cusa tsirarar waya a soket a tokare da ashana. A ƙara da janareto: a waje yake kwana, nesa da taga, domin iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari, kuma ba a zuba masa fetur yana aiki ko yana da zafi.

Sista Mai Jinya:

Malam ya yi magana mai kyau a kan tsari. Ni dai roƙona, Malama, idan lokaci ya ƙure har sai an yar da wata tasha, kada ta zama ta taimakon gaggawa. Yawancin abin da ke lalata ciwo kafin a iso asibiti ba rashin taimako ba ne, taimakon da aka yi ba daidai ba ne. Saboda haka kowane darasi ya ƙunshi abin da ake yi, da abin da aka saba yi wanda za a bari, da dalilin barinsa. In ba a faɗi dalili ba, yaro zai koma gida maganar kakarsa ta rinjaye shi.

A fara da ruwan gishiri da sukari na mai zawo, kowane ɗalibi ya haɗa da hannunsa. Ruwa mai tsabta lita ɗaya, wato ledar fiyawata biyu in mai santilita 50 ce, a duba jikin ledar. Sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali, duk a shafe, ba a tsiri ba. A ba su wuƙa ko tsinke su shafe bakin cokalin su ga bambancin. Gishiri in ya yi yawa yana cutar da jariri, sukari in ya yi yawa yana ƙara zawon. Kowa ya ɗanɗana nasa, kada ya fi hawaye gishiri. Na ƙunshi da ake sayarwa a kemis ya fi na gida inganci, shi ma a duba yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. Abin da ya yi awa 24 a zubar a haɗa sabo. Ban da ruwan, ana ba yaro ƙwayar zink, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. Su haddace alamun garzayawa asibiti: yaro ya kasa sha, ido ya faɗa, jiki ya saki, ko jini a bayan gida.

Ƙuna: ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara minti 20. In babu famfo, buta da bokiti. A ajiye agogo su tsaya su ga tsawon minti 20, domin kowa yana tsayawa ne a minti biyu. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Ba man goge baki, ba manja, ba ɗanyen ƙwai, ba gishiri, kuma ba a fasa bororon. Waɗannan suna riƙe zafi ko su shigar da ƙwayar cuta, kuma sai an kankare su a asibiti, yaron ya sha azaba sau biyu. A rufe da tsabtataccen ƙyalle marar gashi. In ƙunar ta fi tafin hannun mai ita, ko a fuska take, ko hannu, ko al'aura, ko kuma ƙaramin yaro ne, asibiti.

Zubar jini: a danne da tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi, minti 10 ba ɗagawa. Leƙawa ita ce ke warware daskarewar da ta fara. In jini ya ratso, a ɗora wani ƙyallen a kai, kada a cire na farko. Ba ƙasa, ba toka, ba man birki. Rauni mai datti yana buƙatar allurar sarƙewar haƙora. Haɓo kuwa, wanda ke yawa lokacin hunturu da bazara, a zauna a sunkuyo gaba, a matse taushin hanci minti 10, a yi numfashi ta baki. Ɗaga kai sama jinin yake turawa maƙogwaro.

Farfaɗiya tana son zama na musamman, saboda tsoro ne ke hana taimako. Ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai taushi ƙarƙashin kai, kada a danne shi, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura masa komai. In jijjigar ta tsaya a kwantar da shi ta gefe. Ta wuce minti biyar, asibiti. Kwanciyar gefen nan kowa ya gwada ta a kan tabarma, mace da mace, namiji da namiji, domin ita ce ake yi wa duk wanda ya suma amma yana numfashi.

Ga makarantun karkara, saran maciji: ba tsagawa, ba tsotsewa, ba ɗaure ƙafa tamau da igiya. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, tsaga sai ta zama wata ƙofar zubar jini. A hana shi tafiya da ƙafarsa, a tallafe gaɓar da sanda kamar karaya, a ɗauke shi zuwa inda ake da allurar dafi, irin asibitin Kaltungo a Jihar Gombe. Ki binciko wanda ya fi kusa da ku, a rubuta a bangon aji tare da lambar gaggawa 112. Danna ƙirji ga wanda numfashinsa ya tsaya kuwa, a gayyato 'yan agaji na Red Cross masu mutum-mutumin gwaji. Kada yara su gwada a kan junansu.

Malamar Kasuwanci:

Sannunku da ƙoƙari. Tashar kuɗi ita ce mafi arha, littafi mai shafi 20 da biro kawai. A ja layi biyar: kwanan wata, bayani, shiga, fita, saura. Bashi a ba shi shafinsa daban.

Kada a ba su ma'anar jari da riba su haddace, a ba su lissafin da zai ruɗe su su warware. A ce yarinya ta yi zoɓo. Zoɓo da sukari da citta da robobi naira 6,000, gawayi da ruwa da kuɗin mota 1,000, ƙanƙara 1,000. An kashe 8,000, an sami roba 50, kowace ta tsaya a 160. Ta sayar a 200. Duk ajin za su ce ribarta 2,000. Sai a ƙara musu: biyar an sha a gida, biyar an karɓa bashi. Kuɗin hannunta 8,000 ne, daidai abin da ta kashe, ba a ma sa ladan wahalarta ba. Daga nan za su fara tambayar da ake so: a ƙara farashi, a rage bashi, ko a rubuta na gida a matsayin fita? Kuskuren da ya fi yawa shi ne manta ƙananan kashe-kashe, da ɗaukar cinikin yini a matsayin riba. Haka jari ke narkewa mai shi bai san ta ina ba. A sa farashin kasuwarku na wannan makon, yara su je su tambayo da kansu.

A nuna musu nauyin bashi mai ruwa da alƙalami: 20,000 a kan kashi 10 cikin ɗari duk wata, 2,000 ke nan a wata, 24,000 a shekara, ya fi uwar kuɗin, kuma uwar tana nan. Manhajojin bashi na waya suna bin yara har gida, gara su iya wannan lissafi tun yanzu.

Mako na biyu na banki da takardu ne. Lambar asusu lamba 10 ce, BVN da NIN kowace 11. Babu bankin da zai kira ya nemi lambar sirrin kati ko lambar da aka turo ta saƙo. A yi wasan kwaikwayo, ɗaya ya zama mai kira yana cewa za a rufe asusu yanzun nan, ɗayan ya koyi kashe waya. Saƙon shigar kuɗi ba hujja ba ne, sai an duba abin da ke asusun kafin a miƙa kaya. A wurin mai POS a karanta adadin da ke kan na'ura kafin a danna lamba, a rufe da hannu, in an ce bai tafi ba a karɓi rasit a ajiye.

Sai wanda ake rainawa: cike fom. A kwafo fom, kowa ya cike da manyan baƙaƙe, ya san wanne ne sunan mahaifi wanne ne nasa. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma yaron da aka rubuta Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ko ranar haihuwa ta bambanta, zai sha zirga-zirga lokacin da ba shi da sarari. Kowa ya kawo takardar haihuwa da ta NIN a gwama tun yana aji huɗu.

Mataimakiyar Shugaba:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Abu biyu suka rage mini. Wasu iyaye suna son a koyar da haɗa sabulun ruwa, tunda ana iya sayarwa. Wasu malamai kuma sun ce a bar wa mata kicin da ɗinki, maza su ɗauki lantarki, a rage wahala.

Malamar Girki:

Hajiya, a kan rabon nan ban goyi baya ba sam. A raba wurin zama, rukunin mata daban na maza daban, wannan daidai ne kuma iyaye za su fi natsuwa. Amma kowane rukuni ya zaga tashoshi biyar ɗin. Matar gida ita ke yini da dutsen guga da jona, saurayi kuma da ya tafi jami'a ko bautar ƙasa shi zai kunna gas ɗinsa, shi zai ɗinke maɓallin rigarsa.

Sabulun ruwa ki ajiye shi tukuna. Sodar da ake haɗa shi da ita tana ƙona fata, tana makantarwa, garinta ya yi kama da sukari, in an jiƙa ta kuma ba a bambanta ta da ruwa. Ƙananan yara suna shanta a gidajen da ake wannan sana'a, maƙogwaro ya ƙone ya tsuke. A taron yara 12 da babba ɗaya haɗarin ya fi amfanin. In an matsa, a yi shi daban ga 'yan kaɗan, da safar hannu ta roba da tabarau, a bokitin roba ba na alminiyam ba, sodar ake zubawa cikin ruwa a hankali ba ruwa a kan soda ba, kuma kada ko cokali ɗaya ya bi ɗalibi gida.

A tashar kicin gas ne kan gaba. Tukunya a tsaye take zama, ba a kwantar da ita. Su koyi ɗaura regileta, su duba tiyo ko ya tsage, su ɗaure bakinsa da maɗauri na ƙarfe, ba da roba ko waya ba. Gwajin yoyo da ruwan sabulu ake yi: a shafa a mahaɗa, in ya yi kumfa yana tsiyaya. Ba a gwadawa da ashana. Wajen kunnawa ashana ake fara ƙyastawa sannan a buɗe gas, in an juya tsarin gas ya taru ya tashi a fuska. An shigo an ji wari: kada a taɓa makunnin lantarki, kunnawa ko kashewa, a rufe tukunya, a buɗe ƙofa da taga. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa buɗe ƙofa ya fi buɗe 'yar tagar sama. Duk wannan a koya da tukunya a rufe a fili, babba kaɗai ke buɗewa.

Mai ya kama wuta a kasko: a kashe murhu, a rufe da murfi ko faranti na ƙarfe, a bar shi ya huce. Ruwa yana zama tururi nan take ya watsa man da wutar. Kananzir ba a ajiye shi a robar lemo, in yaro ya sha kuma ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja, domin in ya shiga huhu ya fi muni. Ruwan sha: alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta, sai an tafasa ya yi ɓul-ɓul na minti ɗaya, a ajiye a abu mai ƙaramin baki da murfi.

Ɗinki ba ya son dogon bayani. Allura 12, zare, almakashi uku, guntayen yadi daga tela. Sa maɓalli, kalmasa, da ɗinkin baya na ɓarakar hammata. A sa tsinken ashana tsakanin maɓalli da yadi yayin ɗinki, a cire, a naɗe zaren ƙarƙashi sau huɗu ko biyar, in ba haka ba maɓallin ya manne ya ƙi shiga kafarsa.

Malamin Fasaha:

Na yarda da Malamar Girki a kan duka biyun. Saura gwaji, kada a mayar da shi rubutacciyar jarrabawa. Kowane ɗalibi a ba shi kati mai ɗauke da ayyuka 10, biyu daga kowace tasha, sakamako iri biyu ne kawai: ya iya, ko bai iya ba tukuna. Mai duba yana riƙe da jerin matakai, a ciki a ja layi ƙarƙashin waɗanda kuskurensu ke soke aikin gaba ɗaya, kamar sa ruwan ƙasa a gurbin wayar ƙasa, ninka gishiri, ko buɗe gas kafin ashana. Wanda ya faɗi ya sake a ranar, bayan abokinsa ya nuna masa. A lura da masu zama bibbiyu, sau da yawa mai kaifin hannu ne ke yin komai, ɗayan yana riƙe masa waya, don haka gwaji ɗaiɗai ne.

Kaya kuma a sa wa kowanne lamba da fenti, a zana siffarsa a cikin akwatinsa, a naɗa ɗalibi ɗaya a kowane rukuni ya ƙirga kafin a tashi. Daga kuɗin da aka samu a ware kamar kashi ɗaya cikin uku don abin da ke ƙarewa, wato waya, zare, sukari, bandeji da kwafin fom. Wayar filogi duk ɗauri tana raguwa da wajen santimita 5, saboda haka mita ɗaya za ta ɗauki ɗauri kusan 20 kafin a sayi wata.